Jan Fenti a Ƙofar Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga wata, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda mutanen bakin kogi suka sani da Mai Gawayi, bayan jinyar ƙirji ta wata huɗu. Na so in rubuta wannan ta'aziyya da sanyin zuciya. Ban samu ba, sai a yi mini uzuri.

Yaya, shekara talatin ka yi zaune a kan kifaffen kwale-kwale, kana zane da gawayi a takardar buhun siminti. Ka zana masu wanki, ka zana masunta suna ɗinkin taru, ka zana mahaifiyarmu Inna tana faɗa da agwagi. Dangi suka ce ba ka da aikin yi, wasunsu ma yanzu sun fi kowa ɗaga murya wajen kuka. Da mai fiton unguwarmu ya rasu bai bar hoto ko ɗaya ba, ka zano shi da ka, har da hularsa a karkace. Matarsa ta rungume takardar tana yi masa faɗan ya gyara hula.

Shekara bakwai ke nan da aka tashe mu daga bakin kogi don a gina otal. Wanda ya karɓi kwangilar rusau ba baƙo ba ne, ɗan mai fiton nan ne, wanda muke kira Cindo saboda yatsansa na shida. Kai ka koya masa iyo. Shi da kansa ya bi gida-gida yana shafa jan fenti a ƙofa, ko sallama babu. Ba ka zage shi ba, ni na yi wannan. Kai dai kana biye da shi da takardunka, har ka zana ƙofa arba'in da ɗaya. Ba ka taɓa sa launi a zane ba sai ranar: ka dangwali fentin da ya ɗiga a ƙasa, ka sa wa kowace ƙofa nata.

Jiya Cindo ya zo gaisuwa. Ya zauna a tabarma ya matse hawaye, sannan ya matso kusa da ni.

"Ƙanwata, zanen nan na Yaya, ku ba ni in rataye a otal, baƙi su ga tarihinmu. Sai dai a ɗan goge jan nan, yana ɓata kyau."

Na ce, "Ga takalminka can bakin ƙofa."

Kawu ya ce na yi rashin kunya a gaban mutane, a ba shi kawai a zauna lafiya. Kawu bai san cewa tun kana asibiti ka sa ni na bi mutanen unguwarmu duk inda aka watsa su, na miƙa wa kowane gida ƙofarsa ba. Arba'in sun tafi. Wata tsohuwa ta shafa tata, ta ce ko sakatar ba ka manta ba.

Saura ɗaya, ƙofar Inna, kuma tana hannuna. Cindo, kana cikinta. Yaya ya rufa maka asiri bai zana fuskarka ba, hannu kawai ya zana riƙe da burushi. Na rataye ta a zaure inda masu gaisuwa ke wucewa, kuma duk wanda ya tsaya sai na ga yana ƙirga yatsun.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Matarka da 'ya'yanka uku, Allah Ya ba su haƙuri da dangana. Ya ba ka gida a bakin ƙoramar Aljanna, inda babu mai zuwa ya shafa maka fenti a ƙofa. Amin.