Ranar da mahaifiyata ta shiga waya

Shekarun baya kaɗan, na dawo gida daga yawona na fatauci, na tarar da ƙauyenmu na yankin Gazawa ana wasa gatura. Wani saƙon murya ne ya bi wayoyi. Ba wanda ya san mai maganar, amma ya rantse cewa duk iccen da ma'aikatan daji suka shafa wa fenti ya zama na gwamnati, kuma gonar ma za ta bi shi.

Kar ku yi saurin yi mana dariya. Tsofaffinmu sun ga zamanin da mutum ke jin tsoron taɓa reshe cikin gonarsa. Ga shi kuwa da gaske an zo an shafa fenti, har a itatuwan gawon gonarmu, waɗanda marigayi mahaifinmu ya bari tun suna tsiro lokacin sassabe, ya rene su.

Yayana ya ce gobe zai kwantar da su. Na ce, "Yaya, ba ni yini guda."

Na hau moto zuwa buro, wato ofishin ma'aikatan dajin. Wani jami'i ya ce ƙidaya kawai suke, icce na mai gona ne. Ya yarda na ɗauki muryarsa, na tura a zauren WhatsApp na ƙauye ina jin kaina wani babban ɗan jarida. Amsar farko da na samu ita ce, "To me kake so ya ce?" Ta biyu kuma, wani ya tambaya ko sun ba ni na shayi.

Mahaifiyata na tankaɗe tana saurarenmu. Ta ce, "Kai ɗan yawo, abin nan naka yana ɗaukar maganar tsofaffi?"

Na ce, "Yana ɗauka, Inna."

Ta karkaɗe hannu, ta matso da bakinta kamar za ta hura wuta. Ta gaida kowa, har da masu jego, sannan ta ce ita ba ta san abin da ke zuciyar gwamnati ba. "Amma in ƙwacewa za su yi, ku bar su su zo su sha wahalar saran da kansu. Ku da kuka ci geron gindin gawo kuka yi ƙarfi, kan me za ku yi musu aikin kyauta?"

Yayana yana tsaye a bakin ƙofa. Sai ya tura gatarinsa ƙarƙashin rumbu.

Saƙon ya yi tafiyar da ban taɓa yi ba. Wani abokina Bafulatani, da shanunsa ke cin 'ya'yan gawon da rani, ya kira ni daga wajen Cadakori yana dariya, wai an kunna masa "tsohuwar Gazawa" a kasuwa. Wasu gonakin an riga an sare, wannan ba ya gyaruwa. Amma saran ya tsaya, kuma ba wanda ya zo karɓar ko reshe.

Na zaga garuruwa da yawa, na ga yadda waya ke juya mutane a kan gwamnati, wani lokaci da gaskiya, wani lokaci da ƙarya. Abin da na gane shi ne, mutanenmu muryar da suka sani suke bi. Ni dai aikina a ranar riƙe waya ne, kuma har yau ina faɗa da alfahari. Bana ma a inuwar itatuwan nan muka sha fura ranar girbi, Yaya ya fi kowa miƙe ƙafa.