Ranar da Ɗan Ludo Ya Ce Ya Gudu

Ko me zan manta a zaman gudun hijirar da muka yi a Gadarif, ba zan manta yammacin da na kori mutum daga cikinmu da bakina ba, kuma a kan wasa.

Yaƙi ne ya fito da mu daga Khartum, muka sauka gidan kawuna. Aiki babu, karatu ya tsaya. Sai na tuna wani wasa da muka koya a jami'a: mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana faɗin abin da zai yi, in an zo wurin faɗa a jefa ɗan ludo ya raba gardama. Ni ne mai labarin. Kullum bayan la'asar mukan zauna a bayan shagon ɗinkin ɗan kawuna a kasuwa, mu kife tiren shayi ya zama fagen fama, maɓallan riga su zama jarumai.

Daga baya wani malamin makaranta da ya gudo daga garin Madani lokacin da yaƙin ya kai can ya shigo cikinmu. Ya girme mu kaɗan, Ustaz muke ce masa, ko da yake a lokacin dakon buhunan riɗi yake yi. Ba shi da yawan magana, kuma ban taɓa ganin dariyarsa ba sai a kan tiren nan. Jaruminsa mai garkuwa ne, aikinsa kare maharbin ɗan kawuna.

Ran nan, a cikin labarin, wani matsafi ya busa wa mai garkuwa hayaƙi ya ruɗe. Ina da doka a rubuce a littafina game da jarumin da ya ruɗe a tsakiyar faɗa. In ɗan ludo ya ba da ɗaya ko biyu, ya tsaya ƙiƙam. Uku ko huɗu, ya sari wanda ya fi kusa da shi, aboki ko maƙiyi. Biyar ko shida, ya gudu duk inda ƙafa ta kai shi. Ustaz ya jefa, shida ta fito.

Na ce, "Ka gudu, Ustaz." Na ja maɓallinsa har bakin tire, maharbi ya rage shi kaɗai a tsakiyar maƙiya.

Ya ce, "A'a, mayar da shi. Na yarda ya ruɗe, amma ba zai bar ɗan'uwansa ba. Ka ce ya daskare, ko ya sari iska, ko ma ya faɗi. Banda gudu."

Ɗan kawuna ya taɓa min gwiwa. "Kai mutumina, ƙyale shi mana, wasa ne."

Da ina da hankali, da nan maganar ta ƙare. Amma a lokacin tiren nan ne kaɗai wurin da maganata ke da daraja a duniya, ba na son kowa ya taɓa min shi. Na ce wanda ya ruɗe ba shi da zaɓi, in kowa zai zaɓi irin ruɗewar da ta yi masa, ina amfanin dokar? Ustaz ya sake roƙona, muryarsa ƙasa-ƙasa. Sai na ce, "Haba Ustaz, kai da ka fito daga Madani za a koya wa yadda ruɗaɗɗe ke gudu? A ranar, wa ya tsaya jiran wani?"

Na yi dariya. Ni kaɗai na yi ta.

Ustaz ya kalli tiren ya ce, "Ka yi gaskiya. Ba wanda ya tsaya." Ya miƙe ya sa takalmansa, ya bar shayinsa ko rabi bai sha ba.

Bayan ya tafi ne ɗan kawuna ya gaya min abin da Ustaz ya taɓa faɗa masa a shago. Ranar da suka fito daga Madani yana riƙe da hannun ƙanensa, bam ya sauka kusa da su. Bai san lokacin da ya sake shi ba. Hankalinsa bai dawo ba sai a cikin wata gona, shi kaɗai. Har ranar bai san ko ƙanen yana raye ba.

Washegari na je makarantar da aka sauke su Ustaz da sauran 'yan gudun hijira, na ba shi haƙuri. Ya tarbe ni da ladabi kamar baƙo, ya ce, "Ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Da zagina ya yi, da ya fi min sauƙi. Bai ƙara zuwa bayan shagon ba. Cikin makon ya bi motar masu yankan riɗi zuwa Fashaga, lambarsa kuma ta daina shiga.

Abin da ke ci min rai har yau shi ne, dokar nan da hannuna na rubuta ta, da biro zan iya soke ta. Mutum ya roƙe ni sau biyu in bar shi ya tsaya, ko da a cikin labari ne, na hana shi don kawai in yi nasara a gardama. Tun daga ranar, in na ga babban mutum ya kafe a kan abin da nake gani ƙarami ne, nakan yi shiru in sakar masa, don ban san abin da ya baro a hanya ba.