Zanen Gawayi a Ɗakin Kakana

Har yau idan na ji ƙanshin farar ƙasa da aka jiƙa, sai in tuna ɗakin kakana a Kona.

Magini ne, mai zanen bango. A shekarun da gyaɗa ke tashe, wani attajirin Tasawa ya gina soro, ya ce yana son a zana mishi garinmu a zaure: tafki, itatuwan gawo da ke bakinshi, shanu na saukowa shan ruwa. Tsohon ba ya taɓa bangon mutum sai ya gwada zanen tukuna, da gawayi, a bangon ɗakinshi. Rani guda ya yi yana wannan gwaji, hancinshi kusan manne da bango, don ciwon yanar ido ya fara cin idanunshi. Ya san aikinshi na ƙarshe ke nan. Ya ce in ganin ya ƙara raguwa, sai ƙanenshi ya kwafa, shi yana faɗa mishi launi.

Ana gab da Salla ya tafi Tasawa auna zauren. Innata, matar ɗanshi ta fari, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, balle ta tambaye shi wani abu. Kunyar surukuta ke nan. Ta leƙa ɗakin ta ga bango baƙi ƙirin, ta ɗauka ɓarnar yara ce. Ta kwaɓa farar ƙasa ta shafe shi tas, har sau biyu, don ta faranta mishi.

Da ya dawo ya tsaya a ƙofa, ya daɗe. Ya shafa bangon da tafin hannu. Inna na bayan zana, tana jira.

Ya ce wa babana, "Ka ce wa mutuniyar ɗakinka ya yi fes. Allah shi yi albarka."

Bai ƙara ɗaukar gawayi ba. Kafin damina idon ya rufe, attajirin ya sa aka zana mishi kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa.

Wallahi abin na ci mini rai. Gawunan an sare su, tafkin ya cike da rairayi, jikokina a kan babur ɗin kabu-kabu suke bi ta wurin ba su san an yi ruwa ba. Inna kuwa ta rasu tana ba da labarin ranar da surukinta ya sa mata albarka. Duk gidan, babu wanda ya iya faɗa mata.