Karan dawa da takobin zarto

Miskit ya cinye gonarmu ta Shuwak a shekarun da Baba ya kwanta ciwon ƙafa. Mugun icce ne, ƙaya kamar ƙusa, ka sare ɗaya biyar su tsiro. Yayana ya yanke magana: in damina ta faɗi ba mu share ta ba, zai ba wani mai tarakta ita. Baba ya juya fuska bango. Gonar da ubansa ya sare da gatari ce, a hanyar hajjin da bai ƙarasa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Muka shirya zuwa Gadarif sayen injin zarto, wanda a nan ake kira munshar. Na san Yaya, ko kankana zai saya sai ya ɗauki wadda ba ta ɗaguwa. Don haka na kutsa cikin ƙayar, na nemo kututturen da ya fi kauri, na gitta karan dawa a kansa na karya daidai faɗinsa. Da karana na hau mota, yana ta yi mini dariya.

A shagon kuwa idonsa ya faɗa kan takobi mafi tsawo, wato faffaɗan ƙarfen da sarƙar haƙoran injin ke zagayawa a kansa.

"Ya zol, wannan za ka ɗaura mana," in ji shi ga mai shago, don haka ake kiran mutum da Larabcin nan.

A gidanmu ƙane ba ya musa wa yayansa a gaban baƙo, ko da gini zai faɗo. Miskit a gindi ake yanka shi, dab da ƙasa, kuma dogon takobi sai ya riƙa caka hanci cikin laka, sarƙar ta dakushe kafin hantsi, kafaɗar mutum ta mutu a banza. Na ajiye karana a kan takobin, na ce, "Yaya, ga babban kututturen gonar, ya ce a gaishe ka."

Karan bai kai rabin ƙarfen ba. Yaya ya dube shi, ya dube ni, ya gyara rawani.

"Halas, shi ke nan, mai shago, kawo mai inci goma sha shida. Kai kuma ƙane, dama gwada ka nake yi."

Mai shago ya miƙo wata sarƙa mai manyan haƙora, wai ta fi ci. Na ce a ɗaura mu gani. Ta ƙi zama cikin kwarin takobin, sai tsalle take. Muka ɗauki siririya wadda ta kwanta lif, na ja ta da hannu ta zagaya sumul, muka ƙara ta canji da zarton wasa haƙora.

Da muka koma gona, wallahi ban taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba. Injin ba nauyi, yana shiga tsakanin rassa kamar wuƙa a kabewa. Ina kayarwa, Yaya na ja, muna tone gindin muna ƙonawa. Hadari na haɗuwa ta wajen Basunda muka kai iyakar gabas.

Muka ɗauko Baba a amalanken jaki. Ya daɗe yana kallon filin, har idonsa ya tsaya kan tsohuwar aduwar da ƙaya ta ɓoye shekara da shekaru, inda ubansa ke sallar azahar. Ya ce a sauke shi. Ya damƙi baƙar ƙasar, ya murza, ya ce da Yaya, "Mai taraktar nan, ka ce masa ya nemi wata."