Anti Luba da Bangon Asibitin Gulma

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina tsakiyar awon jarirai a asibitinmu na Gulma waya ta yi ƙara. Maryam ce, babbar 'yar Anti Luba. Ban gama amsa sallamarta ba ta ce, "Asma'u, Mama ta cika bayan sallar asuba."

Sai na samu kaina zaune a benci cikin matan da suka zo awo. Wata ce ta karɓi katin da ke hannuna ta ajiye min.



Ga waɗanda ba su san ta ba, Malama Lubabatu ce ta unguwar Badariya, malamar zane. Ita ta koyar da mu a sakandare a Birnin Kebbi. Anti Luba kowa yake ce mata, har shugabar makaranta.

Ni dai ban taɓa iya zane ba. Ranar da ta ce mu zana tulu, nawa fitowa ya yi kamar albasa. 'Yan aji suka fashe da dariya. Ta ɗaga takardar ta juya ta sama da ƙasa, ta ce, "To mi na na abin dariya? Albasa ma ai arzikin Kabi ta." Ta ba ni maki a kan albasa.

Da zazzaɓi ya kwantar da ni a ɗakin kwanan ɗalibai, kwana huɗu tana zuwa min da kunun gyaɗa a filas daga gidanta. Ba ajinta nake ba ma a shekarar.

Bayan na gama makaranta zumuncinmu ya koma na waya, gaisuwar sallah da barka da shan ruwa. Har shekarar da gulbi ya yi ambaliya ya ci fadamarmu.

Shinkafa ta kusa yanka ruwan ya zo. Ya kwashe gonaki, ya shigo gari, ɗakin mahaifiyata ya zube. Bayan 'yan makonni Babanmu ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Inna, wadda duk unguwa aka sani da zanen ƙwarya da yawan raha, ta yi shiru. Ta gama takaba, shirun bai gama ba. In ka gaishe ta ta ɗaga kai kawai. In ka ajiye mata abinci ta ci loma biyu ta ture.

Ba ita kaɗai ba. A asibiti mata na zuwa da ciwon kai da ciwon jiki, mu duba ba mu ga komai ba. Da hadari ya haɗu yara su fara kuka.

Na rubuta wani abu a kan haka a shafin nan, wasunku za su tuna. Anti Luba ta gani ta kira ni. Bayan kwana biyu sai ga ta a bayan babur ɗin kabu-kabu daga Argungu, bokitin fenti ɗaya a cinyarta, biyu ɗaure a baya. Ta riga ta yi ritaya a lokacin.

Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Nuna mini bangon da yaf fi kowane muni garin ga."

Na kai ta katangar asibitinmu. Ruwan ya bar layin laka a jikinta daidai ƙirjin babban mutum. Na ce mata dama muna shirin shafe shi da farar ƙasa.

Ta ce kada mu shafe. Ƙasan layin, kowa ya zana abin da ruwa ya ci masa. Samansa kuma, abin da yake son ya gani a garin.

Kafin ta buɗe bokiti ko ɗaya sai da ta sa na raka ta wajen Liman. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya saurara har ta gama, ya ce shi abin da ba zai yarda da shi ba shi ne surar mutum ko dabba. Ta ce, "Allah gafarta Malam, na ji na karɓa."

Aka fara aiki. Ta zana gulbi da shuɗi, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta miƙa wa mutane buroshi. Ta ce ita ba ta zo ta yi mana zane ba, aron hannu kawai ta kawo.

Da farko kowa tsayawa ya yi daga nesa. Wani manomi ne ya fara matsowa, ya zana damin shinkafa a ƙarƙashin layin, ya koma gefe ya rufe fuska da hularsa. Daga nan layi ya kama.

Rana ta uku Baba Manu ya zo, tsohon masunci ne da ya yi shekarunsa da homa, ragar kamun kifi, da gora a gulbin Argungu. Ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Malama, gulbi ba kihi? Ai abin da muka tsoro ke nan kin ka zana muna."

Ya tsaya nan yana lissafa irin kifin da suke kamawa yana saurayi, waɗanda yanzu sai a yi wata ba a ga ko ɗaya ba, saboda raga mai ƙananan ido da maganin da wasu ke zubawa a ruwa. Samari suka matso suna jin sa.

Anti Luba ba ta yi gardama da kowa ba. Ta ce wa Baba Manu su koma wajen Liman tare. Tsofaffin biyu suka yi ta muhawara a zaure, ita tana zaune daga ƙofa. Ƙarshe aka tsaya a kan a zana inuwar kifi a ƙarƙashin ruwa, ba ido ba baki. Baba Manu da kansa ya zana inuwar giwan ruwa. Ta kusa kai rabin gulbin girma, ba wanda ya iya ce masa ya rage.

Samari suka zana kwalbatin bakin kasuwa toshe da leda. Kowa ya gane wurin, kowa kuma ya san ledarsa na ciki. Asabar ɗin da ta biyo baya aka fito da shebur aka yashe shi.

Dattawa kuma suka sa aka zana gawo da giginya da ƙirya, itatuwan da suke bakin gulbi kafin a sare su a yi itacen girki. Wani ya ce itacen fenti ba ya riƙe gaɓa. Anti ta ce gaskiyarsa, sai a nemo na gaske. Muka dasa. Awaki sun ci wasu, ba zan ɓoye ba, amma waɗanda suka tsira yanzu sun fi ni tsayi.

Duk wannan ana yi, Inna ba ta ko leƙo ba.

Wata rana da la'asar Anti Luba ta biyo ni gida. Ba ta ce wa Inna ta yi haƙuri ba, ba ta yi mata wa'azi ba. Ta gaishe ta, ta zauna gefen tabarma, ta fiddo sabuwar ƙwarya da 'yar wuƙa daga jaka, ta fara kartar ƙwaryar a karkace. Layi ya tafi gabas, layi ya tafi yamma. Ta ɓata gefe ɗaya ta juya ɗayan.

Ina kallon Inna tana satar kallonta. Ta kau da kai. Ta sake dubawa.

Can ta ce, "Ba haka ake riƙon wuƙa ba. Kawo nan, kin ɓata ƙwaryar mutane."

Wannan ce doguwar magana ta farko da na ji daga bakin mahaifiyata cikin wata biyar. Na shige bayan ɗaki na yi kukana.

Daga baya na ga ƙoren da Anti Luba ta zana da hannunta jere a falonta a Badariya, kamar ka sace. Na ce, "Anti, ashe kin iya?" Ta harare ni ta ce, "Ke dai yi shiru."

Zanen ƙwaryar Inna ne ya zama bakin bangon, ya zagaye shi gaba ɗaya. Ita ta riƙa jan matan unguwa zuwa wurin in maza sun watse. Ranar da za a gama, ta karɓi buroshi ta zana malafar Babanmu a ƙarƙashin layin, wadda yake zuwa gona da ita. Ta kira sunansa, ta yi kuka sosai, matan suka riƙe ta. Da muka koma gida ta ci tuwo ta nemi ƙari.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Anti mako uku ke nan, a garin Ambursa. Mutanen can sun ji labarin bangonmu sun roƙe ta ta zo katangar wata firamare. Na same ta a kujerar roba ƙarƙashin dogon yaro, ƙafafunta sun kumbura, tana nuna wa mutane inda za su shafa da dogon kara.

Na fiddo abin awon jini daga jakata na ɗaura mata. Abin da na gani bai yi min daɗi ba. Na fara faɗa, na ce ta koma gida ta kwanta.

Ta yi dariya ta ce, "Likita, bari in ga bayan shuɗin ga tukuna."

Ta raba dafaffen rogonta biyu ta ba ni babban. Muna ci na ce mata bangon Gulma ya fara koɗewa. Ta ce, "Bar shi ya koɗe. In ya koɗe kun samu dalilin sake taruwa."

Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce in gaya wa Inna bangon Ambursa ba shi da baki, ita take jira. Na ce Asabar za mu zo tare.

Asabar ta zo aiki ya riƙe ni. Ta biyu ma haka. Saƙon ma ban isar ba sai yau.

An yi mata sutura kafin azahar. Na je Badariya na dawo. Bokitan fentinta na nan jere a zaure, tsumma a kan murfin kowanne. Mutanen Gulma mota guda suka cika, Baba Manu da Liman a gaba.

Da na dawo gida na zauna kusa da Inna na gaya mata rasuwar, na kuma gaya mata saƙon da na riƙe mako uku.  Ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "In an yi addu'ar uku ki nemo muna mota. Ba a barin aikin mutum a buɗe."

Don haka za mu je Ambursa, in Allah ya kai mu. Duk wanda ya taɓa riƙe buroshinta, ko bai iya zane ba, ya zo. Ni ma ban iya ba.

Ya Allah, ga baiwarka Lubabatu ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Zukatan da ta sanyaya, ka sa su zama shaida a gare ta. Ka ba Maryam da ƙannenta haƙurin rashinta, mu kuma ka kyautata namu zuwan.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai taɓa ganin ta ba, ya tsaya ya karanta mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ya sa ta a addu'arsa ta yau.