Akuya Mai Takalmi

Mu mutanen Bebeji wane dutse muka sani? Na niƙa. Amma da yake bakina ya fi ƙafata sauri, ranar da na je gaida surukai a wani ƙauye can ƙasar Doguwa, 'yan shekaru kafin mulkin kai, ina ganin dutsen bayan garinsu na ce wannan ai tudu ne. Matata 'yar fari ce, saboda haka ni da mahaifiyarta ko ido ba ma haɗawa. In ta hango ni sai ta sake hanya.

Da hantsi na sulale na hau, da babbar riga da sabon takalmin fata. Hawa lafiya lau. Wajen saukowa ne na ɓace, na gangaro ta wata fuska mai santsi, na maƙale a kan ɗan tsagin da bai fi tafin hannu ba. Komawa sama ba hali, ƙasa kuwa in na zame sai dai a kwashe ni a tabarma.

Mutum ɗaya ne a gindin dutsen: surukata, tana shanya barkono, akuyarta na kiwo a gefe. Wallahi na yi ta buɗe baki, kunya ta hana ni kira. Na gwammace in faɗo.

Ashe ta gan ni. Ba ta ɗaga kai ba, sai ta juya wajen akuyar ta ce da ƙarfi, "Ke dai ba ki da wayo. Wa ke hawa dutse da takalmi? Yar da shi."

Na yar.

"Tuɓe rigar ma, iska za ta ja ki. Fuskanci dutsen, kar ki dubi ƙasa. Miƙa ƙafar hagu, akwai rami."

Haka na yi ta bin umarnin da ake ba akuya, daga ni sai wando, ita kuma tana hawowa. Da na iso inda babu wurin sa ƙafa ko kaɗan, sai ta dafa dutsen ta sunkuya a ƙarƙashina.

"Taka nan," in ji ta.

Kafaɗarta ce. Subhanallahi! Na taka, da duk nauyina na ƙato, na ji wani abu ya ce ƙas. Da haka na samu na sauko. Ta sauka ta tattara barkononta da hannu ɗaya ta kora akuyarta gida.

Tun daga ranar hannun nan bai sake ɗaga taɓarya ba. Duk wanda ya tambaya sai ta ce santsi ne ya kwashe ta. Ta rufa mini asiri, ni kuma har ta koma ga Allah ban iya ce mata sannu ba, don in na ce, na amsa ke nan cewa ba da akuya take magana ba.