Gefen Mamman

Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya tsakanin Bunguɗu da Gusau, da wuya a ce bai san Malam Sahabi mai haɗa gado ba. Dogo ne siriri, magana sai an matsa masa. Da can kafinta ne na gaske, na zarto da guduma, shi da amininsa Mamman, mutumin Furfuri, a wata rumfa ta bakin hanya. Shekara ashirin da biyu suna tare. Mamman surutu, Sahabi aiki, haka ake tsokanarsu, kuma ba a yi musu ƙarya ba.

Da kayan ɗaki na kwali suka shigo gari, gado gunduwa-gunduwa da ledar noti da 'yar takarda mai zane, sai iyayen amare suka juya wa katakon gida baya. Su biyun ba su tsaya ƙorafi ba. Suka rufe rumfa, suka koma bin gidaje ranar jere suna haɗawa. A nan ma kowa da gefensa: Sahabi wajen kai, Mamman wajen ƙafa.

Wata damina Mamman ya kwanta kwana tara, ya rasu.

Tun daga ranar Sahabi bai sake ɗaukar abokin aiki ba. An kawo masa mutane, ya ce hannunsu bai yi ba, alhali ko sukudireba ba su taɓa ba. Ya koyi jingine katako da bango, ya tokare da gwiwa, ya danne da bulo. Aikin awa ɗaya ya koma na awa uku. Yakan ci abincin biki shi kaɗai a tsakar ɗakin amarya, mata na ta guɗa a waje. Matarsa ta riga Mamman tafiya, 'yarsa guda tana aure a Tsafe, in ya koma gida rediyo ce ke masa sannu da zuwa. Kaɗaici yana cin sa, ya sani. Amma ya fi masa sauƙi a kan ya ɗaga kai ya ga wata fuska a wajen ƙafa.

Shekara uku dabarar tana yi masa, sai Hajiya Asiya, mai sayar da atamfa a Gusau, ta kira shi. Jikoki sun dawo hannunta, ɗaki ya yi kaɗan, ta sayo gado mai hawa biyu. Ya haɗa na ƙasa, ya haɗa na sama a gefe. Saura a ɗaga shi a ɗora kan ginshiƙai huɗu lokaci guda, abin da bango da bulo ba su iyawa. Daga azahar har la'asar yana fama. A gwaji na uku gadon ya suɓuce, ya kwashe masa fatar ƙauri.

Hajiya ta leƙo daga ƙofa.

"Malam, wanga aiki ba na mutum guda ba na. Mi kaka jira? Ka samo wani shi kama ma."

"Ni iya, Hajiya."

"Na ga iyawar. Ɗiyan ga yau ina son su kwana bisa gado. In ba ka so, in kira wani ma'aikaci."

Ya daɗe zaune yana share jini da tsumma. Sannan ya fita bakin titi, ya yafito wani ɗan dako, magidanci mai faɗin kafaɗa, bai ko tambayi sunansa ba. Ya nuna masa wajen ƙafa ba tare da ya dube shi ba.

"Bismillah," in ji mutumin.

Suka ɗaga, suka ɗora. Ko minti biyu ba a yi ba. Mutumin ya karkaɗe hannu, aka sallame shi, ya yi gaba.

Sahabi ya zagaya gadon yana jijjiga shi, yana neman inda ya karkace. Har cikin ransa ya so ya samu, ko da kaɗan ne. Babu. Gadon ya zauna daram, ashe kowa ma yana iya kama gefen nan. Ya ɗauki sauran notin ya durƙusa wajen ƙafa, ya ba ƙofa baya don kada Hajiya ta ga fuskarsa.